Ƙyauren da Ya Girmi Fir'auna

Mutumin da ya fara yi min magana a Turai, kare ne ya turo shi. Ina tsaye a layin masu duba kaya a filin jirgi, karen ya zo ya shinshina jakata, ya yi atishawa sau biyu, ya zauna. Mai riƙe da shi, wani jami'i mai jan gemu, ya nuna min tebur da yatsa ɗaya, irin yadda nake nuna wa ɗalibi allo idan bai yi aikin gida ba.

Ya zazzage komai. Daddawa ya ture gefe, wai ba ta da izinin shiga. Kuka ya yi mata kallon tuhuma ya ƙyale ta. Rigunan sanyin da na saya a gwanjo ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni, ya dubi taga, ya ajiye su. Sai da sanyin ƙasar ya ratsa su na fahimci wannan kallon. A can ƙasan jaka ya ciro wani ambulan, ya buɗe, ya ga baƙin gari kamar cikin cokali uku.

"Wannan fa?"

"Itace ne aka kankaro. Samfuri ne na bincike."

Ya kai hanci, ya yamutsa fuska. "Kai makanike ne?"

Na gyara tsayuwa na ce masa ni malamin kimiyya ne, sunana Sa'idu, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a sakandare a ƙasar Kiru, kuma wata cibiyar bincike ta ƙasarsu ce ta gayyato ni. Na miƙa takarda. Ya karanta, ya mayar min da ambulan ɗin, ya ce wa abokin aikinsa wani abu a yarensu, suka yi dariya. Na rubuta tambayarsa a zuciyata a matsayin cin mutunci na farko. Sai bayan wata shida na gane ita ce magana mafi amfani da aka faɗa min a ƙasar.

Baƙin garin nan daga ƙyauren zaurenmu ya fito, a Yako. Ƙyaure ne na maɗaci, mai kauri, baƙi wuluk, wanda aka ce kakan kakanninmu Tanko Maigatari ya sassaƙa, ya kuma ɗauko shi a ka tun daga wajejen Doguwa lokacin da ya yi ƙaura. Gidanmu ba shi da sarauta, ba shi da malanta ta a zo a gani, ƙyauren nan muke da shi. Da aka ba ni gurbin wata tara don koyon sabuwar hanyar auna shekarun abu da haske, aka ce kowane mai koyo ya zo da samfuri daga gida. Na roƙi Baffa Ɗanlami, ƙanin mahaifina kuma maigidan yanzu, ya bar ni in yanki tsinke ɗaya, tsawon yatsa.

"Ƙyauren da mahara suka kasa fasawa, shi za ka sa wa zarto?" in ji shi.

Sai ya ɗauko wuƙa da kansa, ya durƙusa ta bayan ƙyauren, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ya kankaro min abin da ya ga dama.

Abin da na je nema takarda ce guda. In na gama wata tarar nan lafiya, Farfesan cibiyar zai sa hannu a shaidar cewa na iya aikin, kuma da ita ce wata jami'a a gida ta ce za ta ɗauke ni karatun dakta. In babu ita, sai in koma ajina, gaban shugaban makarantar da ya sallame ni da cewa, "Kujerarka na nan, Malam. Ba za ta daɗe tana kewarka ba."

Sunan garin da na zauna ba zan faɗa ba, bai yi min abin da zan tallata shi ba. Ƙaramin gari ne, tsaf-tsaf, rana na leƙowa cikinsa kamar ma'aikacin da ya zo sa hannu ya koma. Matar da ta ba ni hayar ɗaki a saman gidanta ba ta magana, rubutu take yi. Kusan kowace safiya akwai 'yar takarda manne a ƙofata. Ba a wanke ƙafa a kwanon wanke hannu. Ba a soya albasa tagogi a rufe. Ba a soya albasa tagogi a buɗe, maƙwabta sun yi ƙorafi. A sati na uku na sami wadda ta fi kowacce: a daina tsayar da ita a matakala ana tambayar lafiyar 'ya'yanta, ba ta san dalilin da ya sa nake son sani ba. Ni da na tashi a gidan da koko kan huce kafin a gama gaisuwar safe. Na daina. Idan kewa ta ishe ni, sai in ɗauko ambulan ɗin Baffa in buɗe in shinshina. Ƙamshin zaurenmu ne sak. In rufe ido har sai na ji kamar za a yi sallama daga waje.

A cibiyar, an haɗa ni da Dakta Markus, shi ne mai iko da injin. Dogo ne, siriri, ya ƙware a aikinsa, wannan ba zan tauye shi ba. Sunana kuwa bai taɓa shiga bakinsa ba. "Abokinmu daga Afirka," haka yake ce min, ko mu biyu ne kaɗai a ɗakin. Sai wata dattijiya, Irena, mai hura narkakken gilas ta ƙera kwalabe, ta kuma gyara bututu, wadda ke amsa gaisuwa da haɓa. Farfesa kuma sau ɗaya a sati ake ganinsa, ran Litinin, kuma ban taɓa jin ya kai ƙarshen jimla bai dubi agogo ba.

Bari in yi abin da na fi iyawa, wato darasi, a taƙaice. Duk abin da ke da rai yana ɗibar kabon daga iska ko daga abinci. A cikin kowace tiriliyan ɗaya ta ƙwayoyin kabon, kusan ƙwaya ɗaya ce tak ta fita daban. Ana ce mata kabon sha huɗu. Ba ta da zama, kullum cikin ruɓewa take a hankali tana fitar da ɗan tururin nukiliya. Muddin bishiya na raye, tana mayar da abin da ya ruɓe. Ran da aka sare ta, shi ke nan, sai raguwa. Bayan shekara dubu biyar da ɗari bakwai da 'yan kai, rabi ya tafi. Saboda haka in ka san nawa ya rage, ka san yaushe gatari ya sauka. Man fetur da danginsa, da suka yi miliyoyin shekaru a binne, ba abin da ya rage musu ko ƙwaya. Wannan shi ake kira mataccen kabon. Wannan jimla ta ƙarshe na sha rubuta ta a allo, na sha cire wa yara maki a kanta.

A da, ƙirga waɗannan ƙwayoyi sai da injin da zai cika aji biyu. Namu a kan tebur yake. Za a ƙone samfuri, a tara iskar da ta fita, a ɗura ta cikin wani bututu da bai fi sandar makiyayi tsawo ba, mai madubi a kowane baki, a sanyaya ta. Sai a harba hasken leza ciki, haske mai launin da ido ba ya gani, wanda aka daidaita shi yadda iskar da ke ɗauke da kabon sha huɗu ce ke shanye shi. Hasken ya yi ta kai da komowa tsakanin madubai, sau dubbai, ya yi tafiyar kilomitoci bai bar tebur ba. Sai a katse shi, a auna saurin mutuwarsa. In ya mutu da wuri, kabon sha huɗu na da yawa. In ya daɗe yana shure-shure, kaɗan ne. Kamar a ce maka ƙwayar gero ɗaya ta ɓuya a rumbunan Kiru da Bebeji gaba ɗaya, kai kuma ka gano ta da tocila. Ran da na fara ganin layin da ke nuna mutuwar hasken yana sauka a fuskar kwamfuta, na manta inda nake. Na yi tasbihi a fili. Markus ya ce in rage hayaniya, madubai ba sa son girgiza.

Wata huɗu na yi ina wanke kwalabe. In na matso kusa da injin, sai ya ɗaga hannu.

"Kada ka yi numfashi a nan. Numfashinka datti ne."

A ilimance gaskiya ya faɗa, numfashin mai rai cike yake da sabon kabon, yana iya ɓata awo. Kuma an ce kowa yake faɗa wa haka. Ni dai ni kaɗai na ji an faɗa wa.

A wata na biyar aka ce in gwada samfurina. Na bi littafi layi-layi: na wanke garin itacen da ruwan asid, na wanke da ruwan kanwar bature, na sake wankewa da asid, don fitar da ƙasa da dattin shekaru. Na busar, na ƙone kashi biyu cikin uku, na ɗura iskar. Markus ya tafi wani taro a wani gari ran nan, Irena ce ke zaune a gefe tana goge tabarau. Layi ya sauka, kwamfuta ta yi lissafi.

Shekara dubu huɗu da ɗoriya.

Ƙwaƙwalwata ta ce ba zai yiwu ba. Tanko Maigatari kaka na bakwai ne, ko ka ba kowane kaka shekarun da ya ga dama ba za a kai ko kusa ba. Ƙirjina kuma ya ce, me zai hana? Wa ya san inda Tanko ya samo itacen? Wata huɗu ina wanke wa mutane kwalabe a garin da suke alfahari da cocinsu mai shekara ɗari takwas, ga shi ƙofar zaurenmu ta ninka ta sau biyar. Irena ta dubi lambar, ta dube ni, ta ce, "Hm." Ni kuwa kafin a tashi cin abincin rana na riga na tura wa Baffa saƙon murya. Duk abin da ya same ni bayan nan, daga wannan saƙon ya fara, kuma ba Bature ne ya danna min wayar ba.

Ran Litinin, gaban kowa, Markus ya haska sakamakon a bango.

"Abokinmu daga Afirka ya gano mana ƙofa mafi tsufa a nahiyarsu," in ji shi. Aka yi 'yar dariya, irin tasu, ta hanci. "Ko kuma ya bar famfon tukunyar gas a buɗe."

Akwai wata tukunya a gindin teburin, cike da iskar mataccen kabon, da ita ake saita injin a kan sifili. In ta ɗan zurara cikin samfuri, sabon abu sai ya fito tsoho. Na ce ban taɓa famfon ba. Ya ce za a gani. Ya ɗauki ragowar iskar garin da na ƙone, ya ɗura da hannunsa, ya auna. Dubu huɗu da ɗoriya.

Na ɗauka na fita. Ashe na ƙara shiga.

"To tun wajen ƙonawa aka gauraya," in ji Markus. "Ko sakaci, ko kuma wani abu. Kowa na son ƙauyensu ya tsufa."

"Dakta, ƙarya kake cewa na yi?"

"Ni awo nake yi. Ban ce komai ba."

Farfesa ya dubi agogo. Ya ce, cikin murya mai sanyi, cibiyar ba za ta iya sa hannu a shaidar mutumin da ba a san yadda lambobinsa ke fitowa ba. Ya ba ni sati uku in kawo dalili. Kafin nan kada in taɓa injin. Markus ya miƙo tafin hannu, na ɗora masa katin buɗe ƙofar ɗakin. Cikin cokali ɗaya ya rage min a ambulan.

Sati biyu na yi a ɗakin karatu. Na karanta duk abin da aka rubuta a kan tsohon itace da ake sake sassaƙawa, da bishiyoyin da ke tsirowa kusa da duwatsu masu aman wuta, har na fara tunanin ko akwai irinsu a Doguwa ba a sanar da mu ba. Ba abin da ya kai dubu huɗu. A ɗakin cin abinci, teburin da na zauna yakan yi fili. Matar gida ta manna min takarda cewa ina yawan kai da komowa a ɗaki, silin ɗinta na ƙara. Na fara shirya abin da zan faɗa wa shugaban makarantarmu, na gwada shi ta fuska uku, kowacce na ji dariyarsa a ƙarshe.

Ran Lahadi da hantsi na kira Baffa, da niyyar in ce masa a ɗan dakata da maganar.

"Baffa, barka da hantsi. An tashi lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau, Malam Sa'idu na Turai! Ya sanyi? Ai gidan nan ba ya rabo da baƙi tun da ka aiko da saƙon nan. Shekaranjiya mota guda daga Ba'awa. Wani malami ya zo tun daga Tudun Wada da littafin rubutu. Liman ya zauna ya lissafa, ya ce ƙyauren nan ya riga Fir'auna zuwa duniya."

"Baffa…"

"Ardo Buba ne kawai ke gardama. Wai in ƙyauren ya yi dubu huɗu, a nuna masa ɗakin da aka fara rataya shi. Na ce masa, kai da ba ka taɓa rufe ƙofa ba sai da asabari, me ka sani a kan ƙyaure? Ya ce shanunsa ma sun fi ni lissafi. Gaban jama'a fa, ran kasuwa."

"Baffa, maganar nan a bi ta a hankali, akwai abin da ake sake dubawa."

"A hankali me? Ni na san abin da ya kamace ni. Na aika Kwanar Dangora wajen makanikai, galan biyu aka kawo min. Bana sau biyu za a shafa, da bazara da kaka. Abu mai shekara dubu huɗu ba zan bari gara ta cinye shi a hannuna ba."

"A shafa me?"

"Baƙin mai mana. Sanyin ya taɓa maka kai ne? Tun da mota ta fara bin hanyar Zariya, wace shekara ce ba a shafa ba? Rigar makarantarka nawa ƙyauren nan ya ɓata, uwarka na faɗa?"

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na zauna a bakin gado, wayar na hannuna.

Baƙin mai. Man da aka juye daga injin mota bayan ya gama aiki, wanda kowane gida a wajenmu ke shafa wa katakon rufi da ƙofa saboda gara. Ɗan uwan fetur, uwa ɗaya uba ɗaya. Mataccen kabon. Shekara da shekaru ana shafawa yana gangarowa yana taruwa a ƙasan ƙyauren, ta baya, daidai inda Baffa ya durƙusa da wuƙarsa. Abin da na ɗauko daga Yako zuwa Turai, kusan rabinsa itace ne, rabinsa cikin tsofaffin motocin hanyar Zariya. Wankin da littafi ya ce a yi yana fitar da ƙasa, ba ya fitar da mai, domin wanda ya rubuta littafin bai taɓa zama da gara ba. Kare ya ji. Mai jan gemu ya ji, har ya tambaya. Ni mai digiri, da nake shinshinar abin kusan kullum, gida kawai nake ji.

Daga nan har azahar ban tashi ba, domin hanya biyu ce a gabana kuma kowacce da abin da za ta ci. In na yi shiru, a nan ni ne sakaran da ya bar famfo a buɗe, ko maƙaryaci, in koma ba takarda, amma in sauka a Yako a matsayin ɗan da ya ɗaga gidansu sama da Fir'auna. In na yi magana, in sami takardata, in kuma tsayar da Baffa, mai shekara saba'in da wani abu, gaban Ardo Buba ran kasuwa ba abin cewa. Zan so in rubuta cewa son gaskiya ne ya tashe ni. Akwai shi a ciki. Amma abin da ya fi tura ni shi ne tafin hannun Markus a buɗe yana jiran katina.

Litinin da sassafe na tare Irena a bakin ƙofar baya, inda take shan taba. Na miƙa mata ambulan ɗin. Ta kashe tabar, ta jira iska ta ɗauke hayaƙin, ta kai hanci.

"Garejin tsohon mijina," ta ce. "Shekara ashirin ina wanke wannan warin daga riguna. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ban ji shi ba."

"Ba ka da hanci?"

"Ina da shi. Warin gidanmu ne."

Ta mayar min da ambulan ɗin. Ba ta yi dariya ba, kuma a wata shida wannan ne alheri mafi girma da aka yi min. Ta buɗe ƙofar da katinta, ta ce ɗakin hura gilas nata ne, ba wanda ya hana ni shiga nan. Ta haɗa wata tukunyar gilas mai dogon wuya, ta zuba sinadarin da ke narkar da mai, muka sa cokalin garin da ya rage. Sinadarin ya shiga fari tas kamar ruwan rijiya, ya fito kamar shayin da aka manta a kan wuta. Kwana biyu muna juyewa muna sakewa, har ya fara fitowa yadda ya shiga. Garin da ya rage a ƙasa ja ne, jan maɗaci. Ban taɓa sanin ƙyaurenmu ja ne ba.

Ita ta je ta kira Markus, ta ce da idonsa za a yi. Aka fara ƙone baƙin abin da muka tace. Hasken ya daɗe bai mutu ba: sifili, ko ƙwaya babu. Sannan aka ƙone jan garin. Ina tsaye can bakin ƙofa, inda numfashina ba zai yi ɓarna ba. Layi ya sauka. Bai wuce shekara ɗari biyu ko uku ba. Injin ba ya iya rantsuwa a kan abin da ya fi haka ƙanƙanta.

Wato kaka na bakwai. Daidai abin da tsofaffin gidanmu ke faɗa tun ina yaro, ba leza, ba madubi.

Markus ya cire tabarau ya murza ido. "Wato a ƙauyenku man mota kuke zuba wa tarihi."

"A ƙauyenmu, Dakta, gara ba ta jiran sakamakon bincike."

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba. Ya ajiye katina a gefen tebur, ba a hannuna ba. Bayan kwana biyu ya nemi hoton ƙyauren, na ba shi cikin jin daɗi. A taron Litinin na ga zaurenmu a bango, Baffa na tsaye gefe da babbar rigarsa ta Juma'a, a sama an rubuta cewa ga misalin yadda ba a ɗibar samfuri. Daga ranar aka ƙara wankin mai a ƙa'idar ɗakin. Sunana na can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta shi ba daidai ba. A ƙarshen wata na tara Farfesa ya sa hannu, ya ƙara da alƙalaminsa cewa na nuna juriya. Irena ta ba ni wata 'yar kwalba da ta hura da kanta, ta like bakinta da wuta, ɗigon baƙin man nan na ciki. Ta ce in riƙa nuna wa ɗalibai. Matar gida ta manna min takarda ta ƙarshe, a kan yadda ake barin makulli.

Baffa kuwa tun ran da aka yi awon ƙarshe na kira shi. Na yi bayani da sauƙi yadda zan yi wa 'yan aji ɗaya. Ya saurara har ƙarshe.

"Wa ya ba da dubu huɗu?"

"Injin, Baffa."

"Wa ya karɓe?"

"Injin ne, amma bayan an wanke…"

"To ni ta farko na ji. Ta biyun koya masa aka yi."

"Baffa, ai ya tabbatar da labarin Tanko ne. Abin da ku da kanku kuke faɗa."

"Labarin Tanko sai na je Turai zan ji shi? Ka sa na buɗe baki gaban Ardo, yanzu ka ce in je in rufe? Ka gaida Turawan naka."

Ya kashe. Wata uku da suka rage, in na kira, matarsa ke ɗauka ta ce ya fita gona, har da ranakun da ake ruwa ina jin sa a kan kwano.

Na sauka a Kwanar Dangora da hantsi, farkon kaka, da jaka ɗaya da takardata a ciki. Na tsayar da wani ɗan acaɓa, magidanci mai furfura a gemu, ban san shi ba, bai san ni ba.

"Yako za ka kai ni."

"Gidan ƙyaure za ka, Alhaji? Hau, jiya ma na kai wasu. Shekara dubu huɗu, ka ji ikon Allah. Ɗan gidan ne ya auna a Turai." Ya tada babur, ya juyo da kai don in ji shi da kyau. "Sai dai yaron bai da kirki. Da Turawa suka ga abin ya fi nasu tsufa, sai suka saye shi da takarda, ya canja magana."

Na ce, "Allah ya shirye shi."

"Amin. Ai boko ke nan."

Baffa na zaune a bakin zaure, galan ɗin baƙin mai a gabansa, an yanke bakin galan ɗin. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa gaisuwa biyu, ya bar sauran a ƙasa. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi takarda ba. Ya dubi rigata, ya ɗauko wani tsumma ya miƙo min.

"Cire wannan kada ta ɓaci. Ta baya za ka fara, daga ƙasa. Gwiwata ta daina durƙuso."

Na dubi ƙyauren. A gindin bango, tazarar taki ɗaya daga shi, gara ta riga ta fara jan layinta na jar ƙasa. Na cire rigar, na rataye a kan jakar da takardar ke ciki, na tsoma tsumman. Kafin la'asar, a lissafin injin, na ƙara wa ƙyauren wasu ɗaruruwan shekaru da hannuna.